Saura Wata Biyar da Kwana Tara

Shekara huɗu da ɗoriya yana kwance
a ƙasan adaka, naɗe cikin leda,
tsakanin takardar gona da hoton marigayiya.
Kore shar, bai san rana ba, bai san gumi ba,
shafukansa duk farare
kamar fadamar da garma ba ta taɓa ba.

Na yi shi ne shekarar da wake ya yi daraja.
Na ce zan je Masar in ga ɗakin da Sa'adiya ke kwana,
in ga ko tana cin abinci.
Sai wake ya karye.
Sai rufin zaure ya fara yoyo.
Sai uwarta ta kwanta da marka,
ba ta ga kaka ba.

Ran Laraba waya ta yi ƙara:
"Baba, na gama.
Za a kira sunana a bainar jama'a,
a kira naka a bayansa.
Ka zo ka ji da kunnenka."

Buhu talatin na fitar a Tudun Hatsi,
ban tsaya jan ciniki ba.
Na hau acaɓa zuwa Jekadafari,
kuɗi a aljihun ciki, fasfo a kan ƙirji.

Bappayo mai sayar da tikiti
ya buɗe, ya dubi hotona, ya dube ni,
ya shiga lanƙwasa yatsu.
Ya tsaya a na biyar.

"Baffa, bai kai ba."
Na ce, ya mutu ne?
"Da ransa. Saura wata biyar da kwana tara.
Su kuwa shida suke so, cif."
Na ce, ɗan nan, kwana goma zan yi!
Ba gona zan nema a can ba.
Ya ce, "Ko kwana ɗaya ne, Baffa.
Tun a filin jirgi za a juyo da kai."

Kwana ashirin da ɗaya.
Abin da kaza ke yi a kan ƙwai
shi ya tsaya tsakanina da 'yata.

Na fito ina faɗa ni kaɗai
har bakin Babbar Kasuwa.
Can na ga Goggo Dudu tana awon gero,
mai saye na cewa, "Ƙara, bai yi tozo ba."
Sai na yi shiru.
Shekara arba'in ina riƙe da mudu,
ban taɓa miƙa shi a shafe ba.
Ashe su ma tozo suke nema,
gyarar kwanaki, don ko ciwo, don ko tsautsayi,
kada baƙo ya wayi gari takardarsa gawa.
Ban ce na ji daɗi ba.
Na dai gane awon.

Yau ga ni a benci, ofishin sabuntawa,
lamba ta sittin da uku.
An ce in cire hula, in dubi gilashi, kada in yi murmushi.
Wa ya ce musu ina da niyya?
Yatsana ya ƙi kamawa sau uku,
igiyar buhu ta cinye zanensa.
Yarinyar ta ce in shafa a goshi, in sake.

Na dubi tsohon, an huda masa kunne.
Shi tun ran haihuwa aka rubuta masa ajali,
ya zauna yana jira bai je ko Kumo ba.
Ni nawa a rufe yake,
ba mai lanƙwasa yatsu ya gaya mini saura nawa.

Sa'adiya ta sake kira da la'asar.
Na ce mata ana kai.
Ta ce ta ajiye mini kujera a layi na biyu,
ta ɗora jakarta a kai.