Awon Igiya

Shekara talatin da ɗaya ina saɓe da ƙarfen safiyo,
ina kafa turaku, ina zana lamba a jikin siminti.
Na san inda Kano ta tsaya.
Bayan Ɗorayi gonar rogo ce, da kuka guda,
da rijiyar wani tsoho mai tumaki.
Yau ga taswirar shimfiɗe a tabarmata,
ta rine kamar haƙoran maciyin goro,
garin kuwa ya ɓulle ta gefenta
kamar yaron da rigar bara ta ƙi.

Mudi dillali bai san taswira ba.
Igiya gare shi, da taku, da rantsuwa.
Kafin mu buga hatimi ɗaya a ofis
ya yanka unguwa da hantsi,
ya raɗa mata suna da la'asar.
Lungun da makara ba ta juyawa,
ina motar kashe gobara za ta bi?
Maƙabarta ma an ci gefenta, matattu sun matsa ba gardama.
Kududdufin da ke shanye mana damina
an cika masa ciki da shara, an aza ɗakuna.
Ruwa bai manta gidansa ba.
Cikin marka ya dawo da dare
ya tarar da Hansatu da 'ya'yanta huɗu a kan gadonsa.

A lungunmu hukuma kan leƙo sau biyu:
ranar karɓar haraji
da ranar ɗaukar gawa.
Sauran kwanakin na Gatari ne.
Na san shi yana Ilu,
yana riƙe wa uwarsa farantin awara a bakin titi,
majina har leɓe.
Yanzu shi ke faɗin shagon da zai kai goma na dare,
shi ke raba faɗan magudanar ruwa,
mai unguwa kan gaishe shi da hannu biyu.
Ba na zaginsa da ƙarfi.
Bangon ɗakina bulo ɗaya ne.

Caji ofis ya tare rabin titi da buhunan yashi
tun shekarar da bama-bamai suka tashe mu daga la'asar.
Yashin ya tsiro ciyawa.
Daren da aka soki Sallau a kan wayar dubu ashirin
muka je da jininsa a rigunanmu,
mai bindiga ya yi magana ta kafar ƙofa:
ba mai a mota, ku dawo da safe.
Ashe mai gadi ma mai gadi yake nema.

To sai muka yi karo-karo.
Ɗari biyar kowane gida, mun sayi gora da fitila da usur,
mun ɗauki 'yan sintiri shida.
Biyu daga ciki yaran Gatari ne.
Mun sani. Mun biya.
Ruwanmu a kurar 'yan garuwa yake zuwa,
taransifoma mu muka saya, mu muke jinyarta,
tutar ƙasa kaɗai ba mu ɗinka da kanmu ba.

Kada in wanke hannuna da yawa.
Da kuɗin sallamata suka fito
ban isa filin da ni na auna ba.
Wurin Mudi na je.
Ya miƙo min bakin igiyar ya ce, riƙe nan, Malam Tsalha,
kai ka fi mu sanin aikin.
Na riƙe.
Na ma ja ta kaɗan, ta ci taku biyu cikin hanya.

Jiya jikata Turai ta tsuguna kan taswirar,
ta ce, Kaka, nuna min gidanmu.
Na ɗora yatsa a Dala, na gangaro Goron Dutse,
na bi ta Kabuga, na yi ta tafiya,
takarda ta ƙare,
yatsana yana kan tabarma.
Ta ce, a nan muke?
Na ce, matsa kaɗan.