Gashi Ba Hayaƙi

Shekara arba'in ina gasa tukwane
a bayan gari, daf da ramin yumɓu.
Na san wutar kara, mai saurin fushi,
na san ta kashin shanu, mai cin dare a hankali.
Ranar da likita ya ce, "Iya Tabawa, gashi za a yi miki,"
dariya ta kuɓuce mini.
Ashe maginiya ma tana shiga rami.

Ƙullutun yana ƙarƙashin muƙamuƙi.
Ya fara kamar ƙwallon magarya,
kafin kaka ya kai ƙwan zabo.

A birni suka jiƙa wata raga a ruwan ɗumi,
suka shimfiɗa a fuskata suna dannawa,
hanci, haɓa, gefen kunne,
yadda nake lulluɓe bayan tsohuwar tukunya da laka.
Ta sha iska, ta ƙame.
Bara'atu ta rubuta sunana a goshin ragar.
Yarinyar tana da hannu, da za ta iya gini.

Ɗakin ba taga.
Su kwantar da ni, su ɗaure ragar,
koren zaren haske ya ratsa wuyana,
sai kowa ya fice.
Murya daga bango: "Kada ki motsa, Iya."
Injin ya sunkuyo kamar raƙumi a bakin rijiya,
ya kewaya, ya tsaya, ya yi ƙugi.
Ba harshe, ba toka, ba hayaƙi.
Ban cika salati ɗari ba sun buɗe ƙofa.

Na ce wannan ai wasa ne.
Sai a mako na uku wutar ta nuna kanta:
wuya ya yi baƙin gindin tukunya,
miyau ya ƙafe, kunu ya koma ƙasa a baki.

Ran Juma'a motar Gujungu ta sauke ni da la'asar.
Sallau ya jera randuna bakwai,
yana ta tura kara don ya gama da wuri.
Murya ta dishe, sai na riƙe hannunsa.
Ɗaya-ɗaya, yaro.
Wutar da ta zo gaba ɗaya ita ke fasa randa.

Saura zuwa goma sha ɗaya,
ina ƙirgawa da tsakuwa a cikin kasko.
In dare ya yi nakan ƙwanƙwasa ƙirjina da yatsa
in kasa kunne,
yadda mai saye ke yi a kasuwa.