Ruwan da Bai Bushe Ba

Fada yakan zo tsibirinmu sau uku a shekara,
in teku ta yarda.
Sauran kwanakin, makullin coci na aljihuna,
ni Edelmira, 'yar Baldomero mai gyaran kwalekwale,
wadda gwiwarta ke sanar da ita zuwan hadari
tun kafin rediyon Achao ya faɗa.

A daren da Zunilda ta haihu, ɗan bakwaini,
iska na cizon katakon bango,
ruwan sama na dukan rufi kamar mai bin bashi.
Mijinta ya zo ba hula, ba gaisuwa:
"Taso, yaron ba ya kuka."

Na tarar da shi bai cika tafin hannu biyu ba,
leɓensa ya yi shuɗi.
Babu kwanon azurfa, babu dogon kyandir,
sai butar shayi a kan murhu.
Na sirka ruwan, na gwada a bayan hannu.
"Sunansa?" Uwar ta ce, "Froilán."
Na ce, ina yi maka baftisma
cikin sunan Uba. Hannuna na rawa.
Da na Ɗa. Ruwan ya bi ta bayan kunne.
Da na Ruhu Mai Tsarki,
sai ya yamutsa fuska, ya tsala ihu
kamar wanda aka tasa daga barci don aiki.

Don aikin kuwa aka tashe shi.
Haka babana ya ce ranar da ya damƙa mini makullin:
"Ba a wanke ki don a jera ki a kanta ba.
Tukunyar da aka wanke, kan wuta take komawa."

Ban tuna tawa baftismar ba. Wa ke tunawa?
An ce na yi atishawa, an ce farar rigar ta aro ce.
Amma na san inda ruwan ya gangara:
ya sauka a hannuwan nan
masu goge kashin tsuntsu daga bagade,
masu jan igiyar ƙararrawa ko da mutum shida ne za su zo,
masu rufe idon mamaci su ɗaure masa haɓa,
masu kai dankali gidan tsoho Nicanor
wanda bai taɓa cewa na gode ba,
sai dai, "Na bara sun fi girma."

Akwai ranar da na gaji.
Na zauna a bencin ƙarshe, na ce wa Wanda ke kan gicciye:
"Kai sau ɗaya ka wanke ƙafafu, daren Alhamis.
Ni shekara talatin ke nan."
Bai tanka ba.
Rufi na yoyo daidai kan kafaɗarsa.
Na tashi na ɗauko bokiti.

Bayan mako biyar Fada ya iso, jiƙe sharkaf,
ya shafa wa yaron mai, ya sa sunansa a littafi.
Bai ƙara ruwa ba.
"Na farko ya isa," in ji shi.

Yanzu Froilán ƙato ne, yana aiki wurin masu kiwon kifi,
ya fi sanin ƙofar mashaya a kan ta coci.
Mata na cewa ruwana bai kama shi ba.
To, a sanyin bara,
da numfashin Nicanor ya sarƙe da tsakar dare,
wa ya goya shi har bakin gaɓa,
ya ta da inji, ya keta raƙuman ruwan da kowa ya ƙi?
Ya dawo da asuba, gishiri a gira,
ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Na tsaya ina kallonsa yana ɗaure jirgi.
Wani ɗigo ya biyo ta bayan kunnensa.
Na san na teku ne.
Duk da haka sai da na yi alamar gicciye
kafin na wuce,
don ƙararrawa na jirana.