Tukunyar Atampoka

A ƙarshen layinmu a Aboabo,
inda yaro ke tura kuɗi ta waya
cikin akwatin ƙarfe mai ruwan ɗorawa,
nan gidan fito yake a da.

Atampoka ta sauko Kumasi daga Bolga
a bayan motar shanu,
da goyo, da ƙore shida,
da tukunyar da sai ƙarti uku ke ɗagawa.
Lokacin unguwar rogo ce da kukan kwaɗi.
Ta kafa murhu, ta jiƙa dawa,
ta jera benci a gindin mangwaro.

'Yan dakon Kejetiya suka gano hanya,
da masu gadi, da masu tsaga katako,
da Kofur Adongo
wanda ya baro kunne ɗaya a yaƙin Bama.
Bashinsu da gawayi take zana shi
a bayan katangarmu.

Katangar ce ta raba ta da kakana,
Bawa mai goro.
In warin tsimi ya tsallako
sai ya ja tsaki, ya ja carbi.
In ladan ya kira magariba
sai ta ɗaga ludayi sama,
mashaya su haɗiye waƙarsu
har liman ya sallame.
Shekara ashirin a haka,
gaisuwa ta kan katanga.

Sai shekarar kora.
Aka ce baƙo ya tattara, mako biyu.
A nan aka yanke wa kakana cibiya,
amma cibiya ba ta da hatimi.
Daren tafiya ya tsaya a bakin ƙofarta,
ƙafarsa ba ta haura dokin ƙofa ba,
ya miƙa makulli.

Bayan damina huɗu ya dawo.
Ya tarar an toshe yoyon kwano,
an share tsakar gida,
kuɗin haya ƙulle a tsumma cikin ƙwarya,
ko kwabo bai yi ciwon kai ba.
Ya aika mata farin goro huhu guda.
Shiga dai bai shiga ba.

Shekarar yunwa dawa ta yi ɓatan dabo.
Ta wanke tukunyar,
ta dama kokon jar masara,
layinmu kaf ya fito da kwano,
har matan malamai.
Ina cikin yaran. Na sha, na lashe hannu.

Da ta rasu aka kai gawar Bolga.
'Yarta Azuma ta kawo firji,
kwalabe, da lasifika mai girgiza taga.
Tsofaffin suka daina zuwa,
wai kwalba ba ta san bashi ba.
Aka sare mangwaron don faɗaɗa titi.
Azuma ta rufe, ta bi miji Tema.

Tukunyar ta kwana uku a bakin kwata.
Aka yi musu a ƙofar masallaci,
har jijiyar wuya ta tashi.
Liman Tanimu ya ce:
«Wa bai sha kokonta ba a cikinku?
A wanke ta sau bakwai.»

Tana nan a hagun ƙofa.
Da asuba in na ɗebi ruwan alwala
nakan sunkuya in shaƙa.
Yumɓu ne kawai, da sanyi.

Katangar kuwa an shafe ta da fenti sau biyu,
amma in ruwa ya doke ta
zanen gawayi yakan taso.
Layin Kofur Adongo ya fi tsawo.