Sikelin Anselmo

Shekara ashirin da biyu ina sayen kifi
a bakin ruwan Dalcahue, tsibirin Chiloé,
inda sama ke zubowa ba sallama.
Gindin sikelina na liƙa 'yar darma,
ba ta fi ƙwayar wake ba,
amma ita ta yi min rufin ɗaki,
ita ta cinye guzurin Baltasar Cárcamo
kaɗan-kaɗan, kamar gara a cikin azara.

Ni mutumin lissafi ne.
Ko addu'a, da na yi sai in rubuta:
Allah, ga nawa, ina naka?

Daren da teku ta kife kwalekwalena
ban tuna da littafin bashi ba.
Gishiri a maƙogwaro, sanyi har ɓargo,
takalman roba suna ja na ƙasa
kamar masu bin kuɗi sun cim mini.
Ban iya ko kiran suna daidai ba,
na ce Yesu, ruwa ya haɗiye rabin kalmar.

Sai hannu a wuyan rigata.
Hannu mai kanta, mai ƙarnin kifi.
Baltasar.

Da gari ya waye na kai masa ambulan.
Ya juya ta, ya mayar min aljihu,
ya ce, "Darmar nan, na san da ita tun ɗana na goye.
Sha shayinka, zai huce."

Ran Lahadi na shiga cocin katako,
na tsaya can baya, wurin laimomi masu ɗiga.
Bisa bango ga Mutumin gicciye,
hannuwansa a buɗe, babu sikeli a ko ɗaya.
Na laluba zuciya ko akwai abin biya,
na tarar da aljihu a huje.
Aka miƙo gurasa.
Ba wanda ya auna ta,
ba wanda ya tambayi nawa na kawo.

Ashe bashin da nake ta ƙirga canjinsa
an biya shi tun ban zo duniya ba,
da jini, ba da peso ba.

Na ɓamɓare darmar da wuƙar fawa.
Ban jefa ta teku ba,
tana kan taga, kusa da gishiri.
Har yanzu wani lokaci yatsana kan nemi farantin awo,
sai in dube ta.

Alheri bai jira na gyaru ba.
A cikin ruwa ya same ni,
da takalman roba,
da rabin suna a baki.