Numfashi Biyu

Da igiya aka jawo ta daga Kaltungo
a bayan akori-kura mai dakon masara,
Emji ja, ƙirar sittin da bakwai.
Shekara goma sha ɗaya tana kwance ƙarƙashin tamfol,
tun ranar da Likita Yila ya rataye makulli
ya tafi inda ba a dawowa.

Ɗansa Lamela ya ce, "Baba Bappayo,
an ce duk Gombe kai kaɗai ka rage."
Na ce, ragowa ba gwaninta ba ce, yaro,
ɗaga bonet mu gani.

Kafireto biyu, tagwaye,
kowa da tulunsa, kowa da allurarsa.
Zanzaro ya yi gini a bakin na gaba,
ɗaki uku, har da 'ya'ya.
Tsohon fetur ya daskare ya zama ƙaro.

Na shimfiɗa farin buhu a kan benci.
Abin da ya fito daga dama ya kwanta a dama,
na hagu a hagu.
Wanda ya gauraya su ya sayi rigima da kuɗinsa.
Kwana biyu suna jiƙe a kananzir.
Na bi kowace kafa da iska, ban zura waya ba,
waya tana faɗaɗa rami,
ramin da ya faɗaɗa kuwa ba ya komawa.

Na girgiza fulot ɗin baya a kunne,
na ji mai yana motsi a cikinsa.
Na tsoma shi a ruwan zafin Manga mai shayi,
kumfa ta tona asirin hujin,
bai kai idon kiyashi ba.
Ɗigon dalma ɗaya.
Gaskit an nema har Jos ba a samu ba,
na yanka daga kwalin takalmi, na shafe shi da giris.

Alhamis bayan la'asar ta tashi.
Ta yi tari, ta yi atishawa ta salansa,
tana kakkarwa kamar mai masassara.
Na kwance sandar da ta haɗa tagwayen,
na sa tiyo a kunne,
ɗaya bakin a maƙogwaron na gaba, sannan na baya.
Wannan yana haki, wancan yana minshari.
Rubu'i-rubu'i nake murɗawa, ina saurare,
har huci biyu suka zama ɗaya.
Na zare fulogi: launin soyayyiyar gyaɗa.
Na aika wa Lamela, an gama.

Ashe ba shi kaɗai zai zo ba.
Mama Saratu, da sandarta, idanu sun yi yana.
Ta sa aka aje mata kujera kusa da taya.
Aka tayar. Ta karkata kai, ta daɗe.
Ta ce, "A'a. Wannan tana sauri.
Tasa ba ta gaggawa.
In ya karyo kwanar coci da dare
nakan ji ta kamar tukunya a ƙaramar wuta,
sai in tashi in ɗora masa ruwan wanka."

Shekara arba'in da shida ina wannan sana'a,
littafin maƙeranta yana cikin kaina,
amma ni ban taɓa jiran motar nan a bakin ƙofa ba.
Na ɗauki sukundireba.
Na rage silo kaɗan. Ta girgiza kai.
Na ƙara ragewa, na sakar mata ɗan mai,
injin ya sauko ƙasa-ƙasa,
yana neman mutuwa, yana fasawa.

Ta ɗaga hannu.
Ba ta ce uffan ba.
Yaran gareji suka yi tsit,
har mai walda ya kashe wutarsa.

Na san fulogi zai yi baƙi kafin wata uku,
za ta sha mai fiye da ƙa'ida.
Na bar shi nan inda hannunta ya tsaya.
Lamela, in ta fara tari ka dawo da ita,
kuma ka taho da Mama.