Keken Ɗinkin Inna

Na rubuta cewa shekara uku ina kwana
ƙarƙashin Gada Biyu, sanyin Jos na ratsa ƙashina.
Sahura ta karanta, ta kife takardar:
"Kwana uku ne, Nafi'u. Na huɗun a ɗakina ka yi shi,
cikin bargon 'ya'yana."

Na ce mai buga littafin ne ya ce a ƙara gishiri,
wai lami ba ya sayuwa a Taminus.
Sai na ɗaura wa ƙafata mari a gidan gyaran hali,
alhali silifas ne, ɗaya shuɗi ɗaya ja.
Na damƙa wuƙa a hannun wanda ba a taɓa haifa ba,
tabon goshina kuwa bakin kwata ne a Rikkos.
Kwalaben kodin, na ninka su uku.

"To ina keken ɗinkin Inna?"

Shafi ɗari da sittin, babu keken.
Ranar Laraba na ɗauke shi, tana asibiti,
na kai Dilimi, dubu tara,
kuɗin ba su ga Juma'a ba.
Da ta dawo ta dubi gurbin ƙafafunsa a siminti,
ta ce wataƙila aro aka yi.
Har ta rasu ba ta sake tada zancen ba.

Gada da wuƙa ba su yi mini nauyi ba.
Allura ce na kasa ɗagawa.

Daren jiya na yage shafin gadar.
Na ɗauki biro, na rubuta "Laraba",
har aka kira assalatu
ban ƙara ko harafi ba.